FASHIN BAƘI: Hans ko Tartupaluk? Labarin tsibirin da Kanada da Denmak suka yi shekara 49 suna jayayya a kansa

Ranar 14 ga Yunin 2022, a birnin Otawa, ministar harkokin wajen Kanada, Mélanie Joly, da takwaranta na Denmak, Jeppe Kofod, da firaministan Girinland, Múte Egede, suka rattaba hannu a kan takardar raba wani dutse gida biyu. Da aka kammala, sai ministocin biyu suka yi musayar kwalaben barasa a gaban 'yan jarida, aka yi dariya, aka tafa. Kafafen labarai na duniya suka ɗauki abin a matsayin labarin nishaɗi: ga yaƙin da ba a taɓa harba ko harsashi ɗaya a cikinsa ba ya zo ƙarshe.

Abin da bai samu kulawa sosai ba shi ne sunan dutsen. A taswirori sunansa Tsibirin Hans. A sanarwar gwamnatocin kuwa, an jera wannan suna tare da wani da akasarin mutanen duniya ba su taɓa ji ba, wato Tartupaluk. Wanda ya bi sawun waɗannan sunaye biyu zai tarar da tarihin yankin gaba ɗaya a cikinsu: wa ya yi wahala, wa aka karrama, wa aka tambaya, wa kuma aka yi shawara a kan ƙasarsa ba ya wurin.

Inda dutsen yake

Idan mai karatu ya ɗauki taswirar duniya ya bi ta har can ƙuryar arewa, zai ga wani siririn mashigin teku da ya raba Girinland da wani babban tsibiri na Kanada mai suna Ellesmere. Ana kiran mashigin Nares. A wani ɓangare nasa, inda faɗinsa bai wuce kilomita 35 ba, akwai wani falalen dutse da ya taso daga ruwa a tsakiyar hanya. Girmansa murabba'in kilomita 1.3 ne, wato kimanin hekta 130, abin da bai kai gonar wani babban manomi ba. Babu itace a kansa, babu rijiya, babu ɗan'adam ko ɗaya da ke zaune. Daga nan zuwa tsakiyar ƙuryar arewacin duniya tafiyar kilomita 1,000 ce da 'yan kai. A lokacin hunturu rana kan faɗi ta yi kusan wata huɗu ba ta sake fitowa ba, kuma mafi yawan shekara ƙanƙara ce ke kewaye da shi.

Garin kirki mafi kusa shi ne Qaanaaq na Girinland, mai nisan kusan kilomita 380. Mutanen wannan yanki reshe ne na al'ummar Inuit, waɗanda littattafan makaranta suka daɗe suna kira Eskimo, sunan da da yawansu ba sa so. Mafarautansu sun san dutsen a matsayin alamar hanya, kuma sun ba shi suna bisa kamanninsa. Tartupaluk na nufin abu mai siffar ƙoda. Duk wanda ya ga hoton tsibirin daga sama zai yarda cewa mai sunan ya iya kallo.

Haka Inuit suke raɗa wa wurare suna: siffar wuri, ko dabbar da ake samu a can, ko haɗarin da ke jiran matafiyi. Ellesmere, alal misali, sukan kira shi Umingmak Nuna, ƙasar wani irin ɓauna mai dogon gashi. Suna a wurinsu jagora ne ga wanda zai bi hanya. Turawan da suka iso a ƙarni na 19 kuwa wata manufa ce tasu. Suna a wurinsu tukwici ne ga attajirin da ya biya kuɗin tafiya, ko ladabi ga wani babba a gida, ko kuma shaidar cewa su suka fara zuwa. Wani hafsan sojan ruwan Ingila, Edward Inglefield, shi ya sa wa Ellesmere sunan wani basaraken ƙasarsu a 1852. Ita kanta Girinland, ma'anar sunanta koriyar ƙasa, wani ɗan gudun hijira mai suna Erik ne ya raɗa mata fiye da shekara dubu da suka wuce, don ya kwaɗaitar da mutane su bi shi su zauna a ƙasar da galibinta ƙanƙara ce. Masu ƙasar suna ce mata Kalaallit Nunaat.

Wane ne Hans?

A 1845 wani kyaftin ɗin Ingila, John Franklin, ya fita da jiragen ruwa biyu da mutum 129 don neman hanyar da za ta ratsa arewacin nahiyar Amurka zuwa Asiya. Babu wanda ya dawo. Neman su ya zama wata sana'a ta shekaru, jirage suna ta fita daga Ingila da Amurka. Ɗaya daga cikin masu neman shi ne likitan sojan ruwan Amurka, Elisha Kent Kane, wanda ya tsaya a wani ƙauyen masunta a kudu maso yammacin Girinland a 1853, yana cigiyar maharbi.

Aka kawo masa wani saurayi ɗan kimanin shekara 19. Sunansa na gida Suersaq, amma ya tashi a hannun 'yan mishan, waɗanda suka yi masa baftisma da sunan Hans Hendrik. Cikin sharuɗɗan da ya gindaya kafin ya shiga jirgi har da a bar wa mahaifiyarsa abinci. Jirgin Kane ya maƙale a ƙanƙara hunturu biyu a jere, kuma naman da Hans yake harbowa na daga cikin abin da ya riƙe ran ma'aikatan. A 1854 shi da wani ma'aikacin jirgi, William Morton, suka nausa arewa a kan amalanken da karnuka ke ja, har suka shiga ɓangaren mashigin da tsibirin nan yake. Kafin tafiyar ta ƙare Hans ya rabu da Turawan, ya zauna cikin Inuit na arewa, ya yi aure a can.

Wannan ita ce tafiyarsa ta farko. Ya sake bin Isaac Hayes a 1860, inda wani masanin taurari, August Sonntag, ya mutu suna kan hanya su biyu, aka bi Hans da kallon zargi ba tare da hujja ba. Sai tafiya ta uku, wadda ta haifar da sunan tsibirin. A 1871 gwamnatin Amurka ta tura Charles Francis Hall da jirgi mai suna Polaris don ya kai tsakiyar ƙuryar arewa. Hans ya shiga da matarsa da 'ya'yansa. A ƙarshen Agustan shekarar jirgin ya ratsa mashigin, ya wuce ta gefen dutsen, kuma daga wannan tafiya ce sunan Hans ya hau taswira.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin tatsuniya. Hall ya mutu a watan Nuwamba bayan ya sha kofi ya kama rashin lafiya, yana zargin abokan tafiyarsa da sa masa guba. Da aka tono gawarsa a 1968, an sami alamar guba mai yawa a farcensa da gashinsa. A Oktoban 1872, cikin dare da guguwa, ƙanƙara ta matse jirgin, aka fara jefa kaya waje don gudun nutsewa. Ana cikin haka sai ƙanƙarar ta tsage, jirgin ya yi nasa wuri, ya bar mutum 19 a kan wani faskaren ƙanƙara da ke yawo a teku. Goma ma'aikatan jirgi ne, tara Inuit, biyar daga cikinsu yara, har da jaririn Hans ɗan wata biyu.

Wata shida da rabi suka yi a kan ƙanƙarar nan, ruwa yana jan su kudu, tafiyar kusan kilomita 2,900. Hans da wani maharbin Inuit mai suna Ipirvik su suka gina ɗakunan ƙanƙarar da aka fake a ciki, su suke fita cikin duhu da sanyi suna harbo wata dabbar teku mai kitse da ta yi kama da ayu, ana cin namanta, ana kunna wuta da kitsenta. Ranar 30 ga Afrilun 1873 wani jirgin mafarauta ya tsince su a kusa da gaɓar Labrador. Ko mutum ɗaya bai mutu ba, har jaririn.

Shekara biyu bayan haka ya sake fita tare da George Nares na Ingila, kuma nan ma ɗanyen naman da ya kai wa wata tawaga da ciwon rashin abinci mai kyau ya kwantar ya ceci rayuka. Ya rubuta tarihin tafiye-tafiyensa da harshensa na Girinland, wani jami'in Denmak, Hinrich Rink, ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a 1878. Ana ɗaukar littafin a matsayin na farko da wani Inuit ya ba da labarin irin waɗannan tafiye-tafiye da bakinsa. Abin da ya fi fitowa a cikinsa shi ne kaɗaici da tsoro: mutum a tsakiyar baƙi, bai gama jin harshensu ba, bai kuma san abin da suke ƙulla masa ba.

Yanzu a dubi taswirar wurin. Tsibirai biyu da ke maƙwabtaka da dutsen sunansu Franklin da Crozier, kyaftin-kyaftin ɗin da suka halaka da mutanensu. Mashigin kansa Nares. Tafkunan teku da ke kudu da arewa, Kane da Hall. Duk sunayen dangi ne, irin waɗanda Bature ke kiran wanda yake ganin girmansa da su. Su kuwa Inuit ɗin da suka ciyar da su fa? Akwai Tsibirin Hans. Akwai Tsibirin Joe, laƙabin da ma'aikatan jirgi suka maƙala wa Ipirvik. Akwai Tsibirin Hannah, sunan da suka ba matarsa Taqulittuq, wadda ita ce tafintar Hall. Sunan fari kawai, kuma ba ma wanda uwa ta raɗa ba. Wanda kakansa ya taɓa yi wa Bature aikin kuku ko boyi a zamanin En'e ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Ba za a ce ba karramawa ba ce. A zamanin da aka yi ta, ba kasafai ɗan ƙasa ke samun ko da wannan ba, kuma daga baya an sa wa wani tsibiri mafi girma a arewacin Girinland suna Hendrik. Amma karramawa ce da ta zo da ma'auninta: an ba shi mafi ƙanƙanta daga tsibiran uku, da sunan da ya fi sauƙi a bakin mai bayarwa, aka kuma ɗora shi a kan wurin da tuni yake da suna.

Giɓin mita 875

A 1880 Ingila ta miƙa wa Kanada duk tsibiranta na ƙuryar arewa. A 1916, lokacin da Amurka ke cinikin wasu tsibiran Denmak a yankin Karibiyan a kan dala miliyan 25, ta bayyana a rubuce cewa ba za ta ƙalubalanci ikon Denmak a kan Girinland ba. A 1933 kotun duniya ta wancan zamani ta tabbatar wa Denmak wannan iko a shari'arta da Norwe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan takardu da ya warware batun ɗan dutsen da ke tsakiyar mashigi. Denmak ta ce ɓangare ne na Girinland, mutanen Girinland ke amfani da shi. Kanada ta ce yana cikin gadon da Ingila ta bar mata.

A Disambar 1973 ƙasashen biyu suka zauna shata iyakar ƙarƙashin teku a tsakaninsu. Suka ɗiga ɗigo 127, suka haɗa su da layi. Da aka zo tsakanin ɗigo na 122 da na 123 sai aka ɗage alƙalami, aka bar giɓin mita 875, aka ci gaba. Tsibirin ne a cikin giɓin. Ma'anar wannan ita ce ruwan da ke kudu da arewacinsa an riga an raba shi, abin da ya rage shi ne busasshen dutsen kawai. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ma ta ce dutsen da ɗan'adam ba zai iya rayuwa a kansa ba ba ya jawo wa mai shi wani yankin tattalin arziki a teku. Wato ko wa ya ci, abin da zai samu bai taka kara ya karya ba.

To me ya tayar da ƙura? Hula. A farkon shekarun 1980 wani kamfanin mai na Kanada, Dome Petroleum, yana gwajin ƙarfin ƙanƙara a tsibirin. Wani marubucin tarihi ɗan Kanada, Kenn Harper, ya haɗu da ɗaya daga cikin masanan kamfanin sanye da hular da aka rubuta sunan tsibirin a kai, tare da sunan wani yankin mulki na Kanada a gefensa. Harper ya rubuta labarin a wata ƙaramar jarida ta Qaanaaq a 1984, jaridun Kofanhagen suka ɗauka. A Yulin shekarar ministan Denmak mai kula da Girinland, Tom Høyem, ya sauka a dutsen da jirgi mai saukar ungulu, ya kafa tuta, ya ajiye kwalbar barasa da takardar maraba da zuwa tsibirin Denmak.

Daga nan abin ya zama al'ada. Waɗannan su zo su kafa tasu tutar su bar kwalba, waɗancan su zo su sauke ta su kafa tasu su bar wuski. Shi ya sa 'yan jarida suka raɗa wa rikicin suna Yaƙin Wuski. Wasa ya kusa zama gaske a Yulin 2005, lokacin da sojojin Kanada suka kafa tuta, mako guda bayan haka ministan tsaro Bill Graham ya taka dutsen da ƙafarsa. Denmak ta aika da takardar ƙorafi, ta tura jirgin sintiri. A Satumba ministocin wajen ƙasashen suka haɗu a New York suka amince kowa ya riƙa sanar da ɗan'uwansa kafin ya je.

A cikin wannan watan na Yulin 2005, ranar 12, kotun duniya da ke Hague ta yanke hukuncin cewa tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara na Nijar ne, ba na Benin ba, bayan taƙaddamar da ta kusa kai ƙasashen biyu ga yaƙi a 1963. Shekara uku kafin nan kotun ta ba Kamaru Bakassi. Bambancin a fili yake: Lete na da makiyaya da manoma, Bakassi na da dubban masunta da arzikin mai, an kuma zubar da jini a kanta. Ana iya yin raha da kwalba ne a inda babu wanda za a kora daga gidansa.

Sai dai a ƙuryar arewa ma an kori mutane, ba dai daga kan wannan dutse ba. A 1953 Denmak ta tashi Inuit daga matsuguninsu na Uummannaq cikin 'yan kwanaki don a faɗaɗa sansanin sojan saman Amurka na Thule, aka kai su inda garin Qaanaaq yake yanzu. A shekarar nan dai Kanada ta kwaso iyalan Inuit daga arewacin Quebec ta kai su Ellesmere da wani tsibiri kusa da shi, nisan kusan kilomita 2,000 daga gida, cikin duhu da sanyin da ba su saba da shi ba. Waɗanda abin ya shafa sun daɗe suna cewa an dasa su ne a matsayin tuta mai rai, don Kanada ta nuna cewa ƙasar tata ce. Denmak ta nemi gafara a 1999, Kanada a 2010. Saboda haka idan ƙasashen biyu suka kafa hujja da cewa mutanensu sun daɗe suna amfani da yankin, yana da kyau a tuna yadda kowace ta yi da mutanen.

Yadda aka raba

A 2018 aka kafa kwamitin haɗin gwiwa. Sakamakonsa shi ne yarjejeniyar 2022: an bi wata tsaga da ta ratsa dutsen daga arewa zuwa kudu, tsawonta kimanin mita 1,280, aka mayar da ita iyaka. Girinland ta samu kusan kashi 60 cikin 100, Kanada kashi 40. An kuma kammala shata iyakar teku mai tsawon kusan kilomita 4,000, wadda ta fi kowace tsawo a duniya. Kanada, wadda a da Amurka ce kaɗai maƙwabciyarta ta tudu, ta wayi gari da ta biyu. An tanadi cewa Inuit na ɓangarorin biyu za su ci gaba da zirga-zirga da farauta a duk faɗin tsibirin, ba tare da iyakar ta tare su ba.

Lokacin da aka zaɓa ba haɗuwar sa'a ba ce kawai. Wata huɗu ke nan da Rasha ta afka wa Yukiren, kuma ministocin sun fito fili sun ce saƙo suke aikawa cewa ana iya warware rikicin iyaka a kan tebur. Gaskiya ne, amma darasin na da iyaka. Ƙasashe biyu masu arziki, ƙawayen juna a ƙungiyar tsaro ta NATO, sun ɗauki shekara 49 kafin su raba hekta 130 na dutsen da babu kowa a kai. Abin da ya riƙe su ba darajar wurin ba ce. Tsoro ne na siyasar cikin gida, kada a ce wane ne ya sarayar da ƙasa, da kuma tsoron kada sassauci a nan ya zama hujja a wasu taƙaddamomi masu nauyi. Kanada na da irin wannan da Amurka a kan hanyar ruwan da Franklin ya mutu yana nema, kuma yayin da yankin ke ɗumama kusan ninki huɗu fiye da sauran duniya, ƙanƙara na janyewa, hanyoyin jirage da ma'adinai na ƙara jan ido.

Sa hannun Egede a takardar da bayyanar sunan Tartupaluk a cikin sanarwa ba daga sama suka faɗo ba. Tun da Girinland ta samu 'yancin tafiyar da harkokin cikin gida a 1979 take mayar da sunayen asali: babban birnin da Denmak ke kira Godthåb ya koma Nuuk. A Kanada, garin Frobisher Bay ya zama Iqaluit a 1987, kuma a 1999 aka kafa yankin Nunavut, ma'ana ƙasarmu, wanda rabin tsibirin na Kanada ke ƙarƙashinsa. Sansanin Thule ma ya koma Pituffik a 2023. Mu ma mun san wannan hanya, tun da Fort-Lamy ta zama Njamena a 1973, ko da yake Fatakwal na nan da sunan sakataren mulkin mallaka Lewis Harcourt.

Ba a gama wasan suna a yankin ba. Donald Trump ya nemi sayen Girinland a 2019, ya dawo da maganar da ƙarfi a 2025, a shekarar da ya sa hannu a kan umarnin sauya wa Tekun Meziko suna zuwa Tekun Amurka. Wani ɗan majalisar wakilan Amurka har ƙuduri ya gabatar na a mallaki Girinland a raɗa mata sunan launukan tutar Amurka. Mutanen tsibirin, su kimanin 57,000, suna da dokar 2009 da ta ba su damar ɓallewa daga Denmak idan suka zaɓi haka a ƙuri'ar raba gardama, duk da cewa har yanzu tsaro da harkokin waje na hannun Kofanhagen. Ranar da suka yi hakan, iyakar nan mai mita 1,280 za ta zama tsakanin Kanada da ƙasar Inuit mai cin gashin kanta, kuma su za su yanke shawarar sunan da za a rubuta a taswirarsu.

Suersaq ya yi tafiyarsa ta biyar a 1883 tare da wani mai bincike ɗan Suwidin, Adolf Nordenskiöld. Ya rasu a 1889 a garin da a lokacin ake kira Godhavn, a yau kuma Qeqertarsuaq.